Sunan Alhaji Isifu a Shafin Godiya

Shekara shida na yi ina koya wa ɗaliban jami'a yarjejeniyar da ƙasashen yankinmu suka sa wa hannu, wadda ta ce mutum da kayansa za su ƙetare iyaka ba tsangwama. Na haddace ta sashe-sashe, har nakan kayar da ɗalibi a jarrabawa idan ya cakuɗa sashe na biyu da na uku. Ranar da na zo ƙetare iyakar da ƙafata, a hanyar Kwatano ta ƙasar Benin, kwafinta na cikin jakata, kuma bai hana a sauke ni daga mota sau bakwai ba. A shinge na ƙarshe wani mai kaki ya zaro takardar, ya jujjuya ta, ya tambaye ni ko ta sayarwa ce. Na gyara murya zan yi masa lacca, sai wata mata mai kwandon tumatir da ke bayana ta ce, "Malam, don Allah ba shi na ruwa mu tafi, rana na yi." Na ba shi, muka tafi.

Abin da ya kawo ni shi ne bincike. Farfesan da nake ƙarƙashinsa ya samo tallafi daga wata gidauniya a Turai don a duba yadda dokokin da manyan hukumomin duniya ke tsarawa kan ciniki suke aiki idan sun sauko ƙasa, wurin masu saye da sayarwa. Shi ba zai bar ofis mai sanyi ya zauna a kasuwa ba, ni kuwa na daɗe a mataki ɗaya ba ƙarin girma, saboda ba ni da wata maƙala da aka buga a mujallar waje. Ya ce in je Zongon Kwatano in yi wata bakwai, tunda Hausa ake yi a can. Na bar matata Hafsatu da 'yarmu da ba ta fara tafiya ba, na zo.

Ɗan acaɓar da na fara hawa, wanda a can ake ce wa zem, ya sauke ni a wata mahaɗar hanya mai hayaniya, ya nuna gaba da haɓa ya ce da Faransanci, "Zongo, wala," wai ga Zongo nan. Kafin in gyara jaka a kafaɗa ya ɓace. Ashe wata unguwa ce da ake kira Santarita, ko kusa da Zongo ba mu je ba. Na yi ta jan jaka a rana ina tambaya da Faransancin da na koya a littafi, mutane na kallon bakina kamar ina tauna tsakuwa. Sai da na ga wani mai hula zanna bukar yana tallar agogo, na yi masa sallama, ya amsa da Hausar Sakkwato. Wallahi na ji kamar in rungume shi. Shi ya tsayar mini da wani zem ɗin, ya yi masa kashedi da yaren garin.

Na kama ɗaki a bayan wani shagon tayoyi. Zafin Kwatano ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi. In ka wanke riga ka shanya, kwana biyu tana nan da danshi, ta ɗauki warin teku. Tabarmar sallata ta yi fumfuna a sati na biyu. Kowace safiya nakan fita da takardun tambayoyina, tambaya arba'in cif, waɗanda Farfesa da wata Baturiya abokiyar aikinsa suka tsara. In je wurin mai gwanjo, in je wurin mai shinkafa, in je wurin masu fito da motoci daga tashar jiragen ruwa. Gaisuwa kam ba a rage ni da komai ba: ina gida, ina iyali, yaya Najeriya, a ba ni kujera, a sayo mini ruwan sanyi. Da na zaro biro sai kowa ya tuna yana da uzuri. Wani ya ce shi yaron shago ne, mai shagon ya yi tafiya, alhali ina ganin furfura a gemunsa da makullan sito a aljihunsa. Sati uku na yi, takarda huɗu kawai aka cike mini, su ma ƙarya ce zalla, don wani ya rubuta cewa bai taɓa ganin shinge a hanya ba.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni. Kwana uku ina ɗaki ina rawar sanyi a garin da ba sanyi, ba wanda ya san ina raye. Na kira Hafsatu, ta kara wayar a bakin 'yarmu don in ji gwarancinta, na kashe wayar na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. A rana ta huɗu aka ƙwanƙwasa ƙofa. Iya Rabi ce, dattijuwar da nake sayen koko da ƙosai a wurinta a bakin layi, haifaffiyar Zongo, mai baki kamar reza. Ta shigo da kwanon kunu da ƙullin magani daga farmasi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Mushe, mutuwa ka zo yi a garin mutane?" Mushe take kirana, wato malamin makaranta, tun da ta ji aikina. "Na ga kwana uku ba ka zo ka yi mini ƙorafin barkono ba, na ce ba lafiya ba."

Ina shan kunun na ba ta labarin takarduna. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai baƙon wa ne a Zongo?"

Na ce ni ba baƙon kowa ba ne, ɗaki na kama da kuɗina.

"To shi ya sa. Mutumin da ba shi da maigida, ga biro ga takarda, yana tambayar ta ina kaya ke bi, me kake so su ɗauke ka? Ɗan duwan suka ɗauke ka, ɗan kwastan mai leƙen asiri. Nan ba a magana da wanda in ya yi ɓarna ba a san ƙofar da za a je ba. In ka warke in kai ka wurin Alhaji Isifu."

Alhaji Isifu mai masaukin fatake ne, sana'ar da ya gada daga mahaifinsa, shi ma daga nasa. Kakanninsa fataucin goro ya kawo su, shi ɗan ƙasar Benin ne da katinsa da komai, Hausarsa cike da Faransanci. 'Yan kasuwa daga Kano, Jibiya, Maraɗi da Illela a gidansa suke sauka. Shi ke ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya a mangaza, wato sito, ya haɗa su da amintaccen direban kamiyo, babbar motar kaya, in rigima ta taso ya tsaya musu. Ba shi da kanti, ba shi da mota ko ɗaya a hanya. Abin da yake ci da shi kawai shi ne 'yan kasuwa sun yarda cewa abin da aka faɗa ko aka ajiye a gidansa ba ya fita.

Ya yi mini tambayoyi kwana biyu, fiye da waɗanda na sha ranar kare digirina. Wane gari, ɗan wane ne, wa ya koya mini karatun allo, wa zai karanta abin da zan rubuta. Na ce masa malamai ne a jami'o'i, da masu tsara dokoki a manyan hukumomi, don su san wahalar da 'yan kasuwa ke sha. Na rantse masa ba zan rubuta sunan ɗan kasuwa ko ɗaya ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya kama hannuna a ƙofar masallaci, a gaban mutanen da suka yi sati uku suna yi mini wasa da hankali, ya ce, "Wannan Malam Bashir ne, baƙona ne daga yau. Ku saki jiki da shi. In wani abu ya fito ta wurinsa, ni za ku tambaya." A ranar aka kwaso kayana daga bayan shagon tayoyi.

Daga nan ban ƙara zaro takardar tambayoyi ba. A zauren Alhaji nake zama bayan la'asar, ana shan shayi, ana ba ni abin da tambaya arba'in ba za ta taɓa tonowa ba. Yadda kaya ke sauka daga jirgi da takardar cewa wata ƙasa za su, su juya a hanya. Ranakun da ake tashi da waɗanda ba a tashi. Yadda dokar da aka yi don sauƙaƙa musu ta ƙara musu shinge biyu. Mai furfurar nan da ya ce shi yaron shago ne, shi ya fi kowa zuba, har yana zana mini hanya da yatsa a kan tabarma. Ni kuma in koma ɗaki in rubuta, in canza wa kowa suna da gari. Wata shida na ci tuwon gidan nan, ko sau ɗaya Alhaji bai bari na sa hannu a aljihu ba. Da kewar gida ta taso mini, yakan sa a dama mini fura, ya ce, "Ta Kwatano ce, ka yi haƙuri da ita, da madarar gari aka dama ta."

Na koma gida na rubuta maƙalar, wata biyar ina fama. Da Farfesa ya dawo mini da ita, sunansa ne a farko, na Baturiyar a biyu, nawa a uku. Baturiyar ba ta taɓa taka Zongo ba, shi kuwa Farfesa ko hanyar Kwatano bai sani ba. Na yi magana, ya ce haka tsarin yake, kuma in ba sunayensu ba wace mujalla za ta kalle ni. Na haɗiye, amma abin ya tsaya mini a rai. Sai na duba ɗan sakin layin godiya da ke ƙarshe, na ga an gode wa gidauniya, an gode wa wani kwamiti, an gode wa wanda ya gyara Turancin. Mutumin da ya ciyar da ni wata shida, ya jingina mutuncinsa a kaina, babu shi. Na ce wannan kam ba za ta saɓu ba. An ƙwace mini gaban takarda, ba za a sa ni butulci a bayanta ba.

Na san ƙa'ida, ni da kaina nake koya wa ɗalibai cewa ba a bayyana wanda ya ba ka labari. Amma a kaina Alhaji ba mai ba da labari ba ne, maigidana ne, kuma a inda na tashi, wanda ya ci abincin mutum ya tashi bai ambace shi ba, ba a ƙara kallonsa da daraja. Editan mujallar ya aiko yana tambaya ko mutumin ya amince a sa sunansa. Na kira Alhaji a waya, na yi masa bayani.

"A'a, Malam Bashir, wannan har sai ka tambaya?" Ina jin murna a muryarsa. "Ai haka malamai ke yi, kowa ya faɗi wurin wanda ya ɗauko. Kakana da ya yi karatu, sunan malaminsa na jikin takardunsa har yau, suna nan a akwati. Rubuta. Ka sa da sunan mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya gina zauren."

Na rubuta, na kuma ƙawata: Alhaji Isifu ɗan wane, mai masaukin fatake a Zongon Kwatano, wanda a zaurensa aka yi dukkan hirarrakin da ke cikin wannan aiki. Shi yana tunanin littafin malamai irin na akwatin kakansa, wanda almajiran ilimi ke buɗewa da alwala. Ni ina tunanin huce haushin Farfesa da fita kunyar maigida. A cikinmu ba wanda ya tsaya ya tuna wa da wa ke karanta irin wannan takarda.

Maƙalar ta yi farin jini fiye da yadda kowa ya zata. Masana a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba suka riƙa kafa hujja da ita. Aka sa ta cikin abin da ɗalibai za su karanta a wasu jami'o'i. Wata babbar hukuma ta duniya ta ɗauko ta a rahotonta, ta gina shawarwari a kai. Na samu ƙarin girman da na daɗe ina jira, abokan aiki suka fara kirana da Dakta da ƙarfi. Ina kiran Alhaji lokaci-lokaci, gaisuwa ce kawai, lafiya lau, alhamdu lillahi. Na lura hirar tana gajarta, na ɗauka tsufa ne.

Bayan shekara biyu aka gayyace mu taro a Kwatano kan yadda bincike ke tasiri a kan manufofin hukumomin ƙasa da ƙasa. Wannan karon jirgi na hau, ba wanda ya sauke ni a hanya. Aka ajiye mu a wani otal a Kajehun, kusa da filin jirgi, ɗaki mai sanyi har sai na nemi bargo. A hutun shan shayi na rana ta farko wata jami'ar hukumar nan ta riƙe ni tana yabo, ta ce aikinmu misali ne na binciken da ba ya ƙarewa a kan kanta. Ina ta murmushi. Sai wani mutum mai kwat, ɗan ƙasar, ya matso ya karanta sunana a ƙirjina, ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce yana aiki a wani ofishi mai sa ido kan kayan da ke fita daga tashar jiragen ruwa.

"Dakta, kun sauƙaƙa mana aiki," in ji shi da Faransanci. "Sauran masana sai su ce wasu 'yan kasuwa, wata unguwa. Ku kuwa har ƙofar gida kuka nuna mana."

Na ajiye kofin shayin. Ban koma zauren taron ba, na fita titi da katin sunana a wuya na tsayar da zem.

Iya Rabi na nan a bakin layi, ta koma tuyar doya da rana. Ta gan ni, ta ci gaba da juya doyarta.

"Mushe. An zama manya, na ga har da igiya a wuya."

Na cire katin na cusa a aljihu, na tambaye ta Alhaji.

"Yana nan, ina za shi? Ba wanda ya kama shi, in abin da kake tsoro ke nan. Sau biyu kawai mutanen biro, na ofishin gwamnati, suka zo, da takardarka a hannu, suka zauna a zaurensa suka sha shayi, suka yi tambayoyi cikin ladabi. Sati bai zagayo ba aka tsare kamiyo uku a hanyar da ba a taɓa tsarewa ba, duka na baƙinsa. Ba wanda ya zage shi. Kowa dai ya zo ya kwashe kayansa daga mangaza, ya ce ya samu wuri kusa da tasha." Ta tsame doya ta zuba a kwando. "Ni na kai ka, Mushe. Ni ma an tambaye ni."

Na samu Alhaji shi kaɗai a zaure, yana jan carbi. Tabarmin da muke zama a kai an naɗe su an jingine a kusurwa, ɗaya ce kawai a shimfiɗe. Ya rame, amma ya miƙe ya tarbe ni da fara'a, ya tambayi Hafsatu, ya tambayi yarinya da sunanta. Ya leƙa cikin gida ya ce a kawo wa baƙo abinci. Aka kawo shinkafa da kifi, na kasa kai loma.

"Baba, me ya sa ba ku gaya mini ba? Sau nawa muna waya?"

"In gaya maka ka yi me? Ka tambaye ni, na ce ka rubuta. Da bakina na faɗa."

Na ce zan rubuta wa mujallar su cire sunan, yau ɗin nan. Ya tambaye ni ko za su iya cire shi daga kan waɗanda suka riga suka karanta. Na ce to gobe Juma'a, zan tsaya a ƙofar masallaci in gaya wa kowa laifina ne, shi bai san abin da takardar za ta jawo ba.

"Wato ka gaya musu na ɗauko mutum na zaunar a cikinsu ban san abin da yake yi ba." Ya girgiza kai. "Wannan ai ya fi na farko muni, Malam Bashir. Bar shi yadda yake."

Sannan ya tambaye ni, ba da gatse ba, ko takardar ta yi amfani, ko an rage wa mutane shingen. Na so in yi masa ƙarya. Na ce an yi taruka a kai, an rubuta shawarwari, ana kan dubawa. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya sa a dace. Ban taɓa jin na gaji da kaina da aikina irin na wannan lokacin ba.

Aka fara kiran la'asar. Na yunƙura zan yi alwala mu tafi masallaci tare kamar da, sai ya ɗora hannu a gwiwata.

"Malam Bashir, zan roƙe ka wani abu, kada ka ji haushi. Ina da baƙo ɗaya, ɗan Illela, shekaranjiya ya sauka. Shi ne na farko tun bayan azumi. Ya tafi tasha duba kayansa, yanzu zai dawo. In ya tarar da kai, kafin magariba an gaya masa ko kai wane ne." Ya kawar da ido. "Ka yi sallarka a can wurinku."

Na ce to, Baba. Na nufi ƙofar zaure inda na bar takalmana, ya ce a'a, ba ta nan ba. Ya riga ni zuwa, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, ya sunkuya ya ɗauki takalmana da hannunsa. Na ce ya bari, bai saurare ni ba. Ya wuce gaba ina binsa a baya ba takalmi, muka ratsa tsakar gida, matan gidan suka sunkuyar da kai a kan kwanukan da suke wankewa. Ya buɗe wata 'yar ƙofar langa-langa da ke fita lungun da ake zubar da ruwan wanke-wanke, ya ajiye takalman a bakinta, ya daidaita mini su.

"Allah ya kiyaye hanya. Ka gai da iyali."

Ina durƙushe ina ɗaura igiyar takalmin farko na ji ya mayar da ƙofar a hankali, ya sa sakata.